Amsar tambayar Yaya kan kalmar beli

Assalamu alaikum mutanen gida. Yaya, na ji saƙonka tun da asuba, inda kake tambaya ko beli Hausa ce, kuma me ya sa ɗanka ya ji Turawa suna faɗarta a inda ba kotu ba ɗan sanda. Bari in amsa da baki, rubutu zai yi tsawo.

Beli aro muka yi daga Turanci, bail, b-a-i-l. Su ma mutanen Ingila ba tasu ba ce. Daga tsohon Faransanci ta shigo musu, bayan Normawa, mutanen arewacin Faransa, sun ci ƙasar da yaƙi a 1066, har Faransanci ya zama harshen fada da na kotu. Can tushe kuwa Latin ce, harshen tsoffin Romawa, bajulus, ma'ana ɗan dako. Wallahi ɗan dako, mai ɗaukar kaya. Daga ɗaukar kaya ta koma damƙa wa mutum abu amana, daga nan ta koma damƙa masa mutum sukutum.

To nan nake so mu tsaya, don da yawanmu mun ɗauka beli sayen mutum ne daga hannun hukuma. A'a. Shari'a tana nan daram, an dai ba ka ajiyarsa ne. Ni na taɓa tsaya wa yaron maƙwabcinmu. Aka karɓi hotona guda biyu da katin shaida, aka rubuta adireshin gidana, na sa hannu cewa in ya gudu ni zan biya kuɗin da alƙali ya yanka. Ranar ban ba da ko sisi ba, amma duk ranar zama, ana idar da sallar asuba ina ƙofar gidansu ina sallama, gabana na faɗuwa har sai na ga ya fito. Kaya ne na gaske.

Belin ofishin 'yan sanda kuma kyauta ne a doka, shi ya sa kuke gani a rubuce a bango. Kuma Hajiya, ke da kika ce an taɓa hana ki tsaya wa wani a beli: dokar shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ta ce kada a hana mutum tsaya wa wani don kawai mace ce.

Sai ma'anarta ta yau da kullum a Turanci. In ruwa ya shiga kwalekwale ana kwashewa da bokiti, bail suke cewa, wannan daga sunan bokiti ne a Faransanci. In kamfani ko gwamnati ta durƙushe aka tallafe ta da kuɗi, bailout ne, irin wanda aka ba jihohi a 2015 don biyan bashin albashi. Samarin Amurka kuma suna faɗarta in mutum ya sulale daga taro, ko an yi alkawarin haɗuwa ya ƙi zuwa. Ina kyautata zaton wannan ɗanka ya ji. Ka tambaye shi jimlar gaba ɗaya, ka turo min in tabbatar.