Amsa ga mai tambaya kan kalifa dijital na aikin katako da biro

Salamu alaikum ɗan uwa, na ga tambayarka cewa kana son kalifa mai nuna lamba, wato abin awon nan mai haƙora biyu da ake kama abu da su a ga kaurinsa ko faɗin raminsa, wanda bai da tsada, don aikin kafinta da kuma biron itace da ka fara juyawa bisa inji, kuma kana ta wasi-wasi tsakanin na roba mai arha da na ƙarfe. Na daɗe cikin wanga aiki nan Sakkwato, to bari in faɗa maka abin da hannuna ya taɓa.

Na robar nan baƙi da ake cewa kabon faiba, ka bar shi in dai biro za ka yi. Lambarsa 0.1mm take tsayawa, kuma in ka karanta takardar cikin kwalin yawanci za ka ga sun rubuta yana iya kuskuren 0.2mm. Ga wanda zai auna kaurin filawud ko ya ware kusoshi ba laifi, yana yi. Amma biro abu ne da ake riƙewa da yatsa, inda itace ya haɗu da ƙarfen bakin biron in akwai tudu na 0.1mm wallahi yatsa na jin shi, mai saye ko bai san aikin ba zai shafa ya ce wanga bai yi sumul ba. Ga shi bakin robar na cinyewa, kuma in ka ɗan matsa sai ya lanƙwashe ya ba ka lambar da kake so ba wadda ke akwai ba.

Abin da nake ba mutane shawara shi ne na ƙarfe sitenles, tsawon 150mm wato inci 6, mai nuna 0.01mm. Kar ka ɓata kuɗi kan na 200 ko 300, nauyi kawai zai ƙara maka, abin da ya wuce inci 6 ai tef da rula sun isa. Ka lura da kyau don akwai wanda aka yi wa fentin azurfa ya yi kama da ƙarfe alhali roba ce, ka ɗauka ka ji nauyi da sanyinsa a hannu.

Mitutoyo na Japan shi ne sarki a wanga fanni, babu gardama, batirinsa na shekaru bai mutu ba kuma ko ka kashe ka kunna bai manta sifilinsa. Amma na gaske ya haura dala 100, kuma jabunsa sun cika kasuwa da intanet, har kwali da takarda ake kwaikwaya. Duk wanda ya miƙo maka Mitutoyo sabo a kuɗin na Chana to jabu ne, gara ka sayi na Chana da ya zo da sunansa na gaskiya irin su INGCO ko Total ko Insize, ka san abin da ka saya. Kuma tsakani da Allah itace bai buƙatar Mitutoyo. Katakon da ka auna da damina in hunturu ya shigo iska ta bushe sai ka ga ya tsuke fiye da duk kuskuren da kalifa mai matsakaicin kuɗi zai yi, mu nan mun fi kowa sanin haka, ƙofar da ke cijewa a watan Agusta ita ce ke rawa a Janairu. Don haka abin nema ba yawan lambobi bayan ɗigo ba ne, abin nema shi ne in ka auna abu ɗaya sau biyar ya ba ka amsa ɗaya.

Shi ya sa na fi son mutum ya saya hannu da hannu, ko nan cikin gari wurin masu kayan aiki ko in ana zuwa Kano a duba Sabon Gari. Irin kamfani ɗaya kwali ɗaya sai ka samu wani ya yi kyau wani bai yi ba. Ga yadda nake gwadawa a gaban mai shago. Na farko in goge bakin in rufe shi in ɗaga sama wajen haske, in haske na ratsowa tsakanin haƙoran biyu ko sama ya haɗu ƙasa bai haɗu ba, na aje. Sannan in danna sifili in buɗe in rufe kamar sau goma, wani a hankali wani da sauri, dole ya riƙa komawa 0.00, in ya nuna 0.01 jefi-jefi ba komai, amma in ya fara 0.05 ko lamba ta yi tsalle don ka ja da sauri to ba na aiki ba ne. Ka ji tafiyarsa kuma, kar ya zama yana ƙarar yashi ko yana cijewa a tsakiya, kar kuma kan ya riƙa girgiɗi in ka karkaɗa shi.

Sai babban gwajin, ka tafi da sabon boris a aljihu. Boris mai lamba 6202 irin na fankar silin, ramin cikinsa 15mm ne, wajensa 35mm, kaurinsa 11mm, in kuwa 6203 ne to 17 da 40 da 12. Masu yin boris ba su wasa da awo, ya fi duk wani abu da za ka samu da arha daidaito. Ka auna waje da manyan haƙora, ka auna ramin da ƙananan haƙoran sama, in kaucewarsa ba ta wuce 0.02 ko 0.03 ba ka saya hankali kwance. Da yawa na arha wajen awon ciki suke faɗuwa, kuma kai kana buƙatarsa don ramin da kake hudawa. Ka aje boris ɗin nan cikin akwatin kalifan, lokaci lokaci ka sake gwadawa.

Maganar batir kuwa ita ce ke sa mutane tsanar na arha. Yawancinsu in ka danna kashewa allon kawai ke mutuwa, cikinsa na nan yana shan wuta, sai ka aje wata biyu ka ɗauko ka tarar lamba na ƙyaftawa. Masu cin ƙaramin batir LR44, in ka samu SR44 ka sa masa, girmansu ɗaya amma shi ƙarfinsa bai sauka da wuri, masu gyaran agogo sukan aje shi. In ka samu kalifa mai cin CR2032 mai faɗin nan irin na rimot ɗin mota, na fi son shi don ko'ina ana samu kuma yana jimawa. In za ka kwana biyu ba ka aiki ka cire batirin kawai. Ka duba murfin batirin ma, wanda ake ɗaurewa da sukuru ya fi, na turawar nan cikin garin katako yake faɗawa ya ɓace.

Ƙura da zufa su ne abokan gabarsa. Ƙarƙashin lambobin nan na jikin sandar akwai wasu siraran layukan jan ƙarfe da kan ke karantawa, da danshi ya hau wurin sai lamba ta haukace, da bazara in zufa na ɗiga daga hannu za ka gani da idonka. Ba lalacewa ya yi ba, ka goge da busasshen ƙyalle ya dawo. In da hali ka nemi mai rubutun IP54, yana jure ƙura da fantsamar ruwa. Kar ka bar shi cikin rana ko bisa injin da ya yi zafi, allon baƙi yake yi, kuma kar ka zuba masa mai don ƙurar hunturu ta samu wurin kamawa.

Yanzu kan biron kansa, nan ne kuɗinka zai fito. Ƙananan zobban ƙarfen nan da ake sawa gefe da gefen itace bisa sandar inji don su nuna maka inda za ka tsaya, kar ka yarda da su ɗari bisa ɗari, duk sanda sanfefa ta taɓa su tana rage su, bayan biro da yawa sai ka ga itacenka na fitowa ƙasa da ƙarfen biron. Ka auna ainihin bakin biron da zoben tsakiya da hular, ka rubuta a takarda, ka juya itacen zuwa wannan lamba. Akwai dabara mai sauƙi, ka kama bakin biron da kalifa ka danna sifili a nan, to duk sanda ka auna itacen lambar da ta fito ita ce abin da ya rage ka cire, ba lissafi. In za ka yi masa rufin sufa gulu ka sauka ƙasa kaɗan don rufin na ƙara kauri. Haka bututun tagulla da ake turawa cikin itacen, na siririn biro da bit (bakin abin huda) 7mm ake huda masa, amma ka auna bututun ka auna bit ɗin kafin ka huda, musamman a itace mai tauri irin kirya ko kanya ko maɗobiya da ba su yafe matsi, in rami ya yi ƙunci ka tura da ƙarfi sai ya tsage bayan ka gama wahala.

Don Allah kar ka taɓa sa kalifa inji na juyawa, haƙoransa kaifi gare su, zai kama itacen ya fizge, in ka tsira da yatsa to biron da kalifan sun tafi. Ka kashe inji, ka hure ƙura, ka kama a hankali ba matsi don itace na nutsewa, in ka riga ka yi shafin ƙarshe ma haƙoran na iya barin zane. Shi ma jan layi da bakinsa bisa katako da wasu ke yi yana cinye tsinin, ka nemi abin zane daban.

In ka je shagon ka ɗauko hoton waɗanda ka samu gaba da baya da wurin batir ka turo, in sha Allahu zan duba maka kafin ka biya.