Kafin Ka Kwance Sifikar Tsohuwar Amfilifayar Jita

Ɗana, na ji tambayarka. Ka ce tunda mai wannan amfilifayar Fender ya yi kukan ƙara ta yi masa kaɗan, me zai hana mu cire tsohuwar sifikar, mu je Kasuwar Gumi mu sayo irin ta masu DJ mai wat 500, mu ɗaura masa? Ajiye sukudirebar nan ka matso kusa. A daidai wannan gaɓa masu gyara da yawa suke ɓata kayan mutane, alhali da kyakkyawar niyya suka fara.

Fara da sanin abin da ke gabanka. Wannan Deluxe Reverb ce, Fender suka fara fitar da irinta a Amurka a 1963. Wat 22 take bayarwa, da bawul biyu masu lamba 6V6, wato kwalaben gilashin nan da ke ƙara wa sauti ƙarfi, da sifika guda mai inci 12, om 8 (om shi ne ma'aunin turjiyarta ga wuta), kuma bayan akwatinta a buɗe yake. Wat ɗin da ake rubutawa a jikin sifika yana gaya maka iyakar wutar da za ta iya shanyewa ne kafin koyil ɗinta, wato naɗin siririyar wayar da ke motsa takardar sifika, ya ƙone. Ba ya ƙara wa amfilifaya ko wat ɗaya. In ka sa mai 500 a nan, wat 22 ɗin nan dai su ne za su tura ta, kuma ba don sautin jita aka yi kakkaurar takardarta ba. Mai kaya zai dawo ya ce mun shaƙe masa jita, kuma gaskiyarsa.

Ita sifikar DJ ko ta rediyo, aikinta ta maimaita abin da aka ba ta ba ragi ba ƙari. Ta jita kuwa da ita ake gina sautin. Tana kamawa daga wajen haz 75 (haz ma'aunin kauri ko sirancin sauti ne), ta fara sanyi daga wajen 5,000, alhali tsirkiya mafi kauri a jita tana kan 82. Wannan yankewar ta sama ita ke tace ƙaiƙayin da bawul ke fitarwa idan an matsa masa. Shi ya sa in ka jona jita a akwati mai tiwita, 'yar sifikar nan ta siririn sauti, ka buɗe wuta, sai ka ji wani tsiri-tsiri mai huda kunne. Takardar kuma da gangan aka yi ta shara-shara. In aka tura ta da ƙarfi, ba ta tafiya gaba da baya baki ɗaya, wani sashe ya riga wani, ta riƙa lanƙwasawa, daga nan ake samun 'yar dusasshiyar muryar da makaɗa suke nema ido rufe. Ka dubi kalangu: icce ɗaya, tsirkiya ɗaya, hannu ɗaya, amma ka sauya masa fata, ko yaro ya san ba shi ne na jiya ba. Matsayin sifika ke nan a amfilifayar jita. A duk abin da za ka iya sauyawa a cikin akwatin nan, bawul ne ko kwandansa mai ajiye wuta, babu wanda kunne zai kama nan take kamarta.

Akwai tarihin da ya kamata ka sani. A ƙarshen shekarun 1950 Fender suna da Bassman mai sifikun Jensen huɗu 'yan inci 10, baya a buɗe. A 1962 Jim Marshall da abokan aikinsa a Landan suka kwaikwayi tsarin wayoyinta kusan layi da layi, suka yi JTM45. Amma suka haɗa ta da sifikun Celestion 'yan inci 12, har suka kai ga guda huɗu a rufaffen akwati. Sauti biyu suka fito daban, har yau makaɗa suna cewa wannan na Amurka, wancan na Ingila. Taransifoma da bawul sun taka tasu rawar, amma sifika da akwati sun ɗauki kaso babba.

To, in ƙara yake so, wace lamba za ka duba? Desibel. Ana ba sifika wat ɗaya, a tsaya mita ɗaya a gabanta, a auna abin da ta fitar. Wata 95, wata 97, wata 100. Duk ƙarin desibel 3 daidai yake da ninka wat ɗin amfilifaya sau biyu. Wato in ka cire mai 97 ka sa mai 100, tamkar ka mayar da wat 22 ya koma 44 ne, ba ka taɓa waya ko ɗaya a ciki ba. Amfilifayar Vox AC30 wat 30 kacal ce, amma tana cika zaure, kuma sifikunta biyu, shuɗayen nan na Celestion masu desibel 100, suna cikin manyan dalilai. Sai dai ka yi tunani kafin ka ba shi wannan. Daɗin tsohuwar amfilifaya mai bawul yana fitowa ne in an murɗa ta har ta fara ɗan gurnani. Da sifika mai desibel da yawa, kafin a kai wurin, ƙara ta kori mutanen ɗaki. Wanda yake kiɗan biki a fili, ga ganguna, ga janareto na ruri, wannan ce tasa. Wanda yake kiɗa a ƙaramin coci a Sabon Tasha ko a situdiyo, ƙila mai 95 ta fi masa amfani. Saboda haka nake tambayar mai kaya inda yake kiɗa tun kafin in ɗauki mita.

Za ka ji ana gardama a kan maganaɗisu. Tsofaffin na shekarun 1950, irin su Jensen P12R da aka riƙa sawa a Tweed Deluxe, alniko ne, gamin alminiyon da nikel da kobal. Da kobal ya yi tsada, kamfanoni suka koma seramik a shekarun 1960, lokacin ne Celestion suka fitar da mai koren murfi, wadda ake kira Greenback, wadda ta zo ta tsaya a wat 25. Makaɗa suna cewa alniko ya fi laushi, in an doke shi da ƙarfi sai ya ɗan sassauta, seramik kuma ya fi tsayawa ƙyam, bes ɗinsa a ɗaure. Ina jin haka a kunnena, ban musa ba. Amma a ganina ana ɗora wa maganaɗisu fiye da alhakinsa. Kaurin takarda, layukan da aka dannana a jikinta, gam ɗin da aka shafa a gefenta, faɗin koyil, da 'yar hular tsakiya, su ne suka fi juya sauti. P12R koyil ɗinta inci 1 ne, tana saurin dushewa da daɗi. Na Celestion inci 1.75. JBL D120F, wadda Fender suka riƙa sawa a Twin Reverb ga wanda ya ƙara kuɗi, koyil ɗinta inci 4 ne, hularta ta alminiyon, sautinta tas, mai haske, ba ta yarda ta dushe. Mai kaɗa hayilaif da yake son kowace tsirkiya ta fito rangaɗau zai so ta. Mai son gurnani zai ce ta yi masa bushe. Vintage 30 ta Celestion kuma, ta 1986, mai wat 60, tsakiyar sautinta a gaba yake, tana ratsa taron kayan kiɗa, amma a cikin Fender mai haske irin wannan takan yi kaifi. Ni ba ita zan fara kawo masa ba.

Yanzu ga inda ba na wasa: om. Amfilifayar taransisto tana iya zama ba sifika, ba abin da zai same ta. Mai bawul kuwa tana da taransifomar fita, kuma in ka kunna ta ka kaɗa ba sifika a jone, wutar da ta rasa mafita sai ta koma ta huda rufin wayoyin taransifomar. Irin wannan taransifoma ta asali ba a Kaduna ba, ko a Legas sai an sha wuya, kuma naɗin hannu ba zai dawo da sautin ba. Deluxe Reverb om 8 take so, Twin Reverb 4, waccan Bassman ɗin 2. Sifikun mota galibi 4 ne, kar ka kusance su. In ka ɗora mita a kan mai 8 za ka ga wajen 6 zuwa 7, mai 16 kuma wajen 12 zuwa 13, wannan daidai ne, kar ka ce ta lalace. Biyu masu 8, in ka jera su ɗaya bayan ɗaya 16 ne, in ka haɗa su kafaɗa da kafaɗa 4 ne. In sun fi ɗaya a akwati, ka taɓa batir ƙarami a bakin waya ka ga duk takardun sun tafi gefe guda. Ɗaya ta yi gaba ɗaya ta yi baya, bes ya tafi ke nan. Kada ka amince da jan fentin da ke jikin tsofaffi, idonka ya gani.

Wat kuma, kar ka yi rowa. Bawul in an matsa shi yana wuce lambar da aka rubuta masa, don haka shuɗiyar Celestion mai wat 15 ita kaɗai a nan hatsari ce, komai daɗinta. Tsakanin 30 da 50 ya wadatar.

Ka auna wuri kafin ka saya. Bawul a nan ƙasa suke rataye, babban maganaɗisu yana iya dungurarsu. Allon gaba, wanda ake ɗaura sifika a jikinsa, ya haura shekara hamsin, ya sha damina ya sha hunturu. Ka rataya masa sifika irin EVM12L mai nauyin sama da kilo 8, a ɗora a Keke Napep a bi hanyar Kakuri, za ka tarar notuna sun yage katakon. In kana ɗaurewa, ka bi notunan a gicciye, kaɗan-kaɗan, don matsa gefe ɗaya da yawa yana karkata firam, koyil ya fara gogar maganaɗisu. Hannunka kuma kada ya shiga cikin shasi, ƙarfen da ke ɗauke da kayan wutar. Kwandansojin nan suna riƙe da sama da bolt 400 bayan an zare waya. In wata rana aka kawo maka ta shekarun 1940, ka ga wayoyi huɗu sun shiga sifika, tsaya ka kira ni. Maganaɗisunta na lantarki ne, yana cikin hanyar wutar amfilifayar, ba a cire shi haka kawai.

Kafin duk wannan ma, wa ya ce sifikar ce mai laifi? Bawul da ya gaji yana rage ƙara. Kwandansa da ya bushe yana sa bes ya yi lakwaf. Wannan kuma 'yar Amurka ce, bolt 120 take ci, ta taransifomar rage wuta ake kunna ta, to in wutar gari ta faɗi ita ma ta faɗi. Don haka za ka zare wayar sifikarta, tana kashe, ka jona ta a akwatin gwajinmu mai om 8, mu saurara. In rashin ƙarfin ya biyo ta, aikin a shasi yake. In ya tafi, sai ka danna takardar tsohuwar a hankali da yatsu a kewayen hular, ka kasa kunne ko akwai ƙarar gogayya. Sau tari ƙurar hunturu ce ta shiga ratar koyil, ko gam ya saki.

Ka share bayan firam ɗin ka karanta lambar da aka buga. In ta fara da 465 Oxford ce, 220 Jensen, 328 Utah, 137 CTS, lambobin da ke biye kuma shekara da mako suke nunawa. In sun dace da shekarun amfilifayar, to ta asali ce, kuma wani kaso na darajar kayan nan a jikinta yake. Raina yana ɓaci in na ga irinsu a tulin ƙarafan Panteka, an fasa don a cire maganaɗisu. In 'yar yagewa ce, takarda mai laushi da gam mara tauri sun isa. In koyil ya ƙone, a sake mata takarda da koyil irin nata, ba wanda aka ciro daga sifikar rediyo ba. In kuma mai kaya ya zaɓi sabuwa, ka naɗe tsohuwar a kwali, fuskarta a rufe, ka danƙa masa a hannu. Kada ka huda sabon rami a allon, kada ka datse wayar asali, don ranar da ya so komawa, aikin minti goma ne.

In sabuwar ta hau, ka gaya masa tun a shago cewa za ta zo da tauri. Gefen takardar bai saki ba tukuna, sama zai yi kaifi, ƙasa ya yi ƙaranci. Ya yi ta kaɗa ta da matsakaiciyar ƙara na 'yan makonni kafin ya yanke mata hukunci. Kai kuma kafin ka kwance komai, ɗauki wayarka ka naɗi sautin tsohuwar, jita ɗaya, maɓallai a wuri ɗaya, tazara ɗaya, sannan ka naɗi na sabuwar haka nan, mu saurare su tare da shi.