Tsarin sufuri na shekara goma a ƙaramar hukuma: ta ina ake kamawa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni kansila ne a ɗaya daga cikin ƙananan hukumomin Kebbi da ke bakin kogin Neja. An sa ni cikin kwamitin da zai tsara harkar sufurinmu ta shekara goma, aka ce kuma mu ji ra'ayin jama'a. Zama ɗaya muka yi, kowane kansila ya kawo sunan hanyar mazaɓarsa, muka tashi da jerin da kuɗinmu ba zai yi ko rabinsa ba. Ta ina ya kamata mu kama, kuma yaya za mu tuntuɓi mutane ba tare da taron ya koma rabon kwangila ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, ranka ya daɗe. Wannan jerin ku ajiye shi a aljihun tebur tukuna, za a dawo kansa. An sa sunan hanya a gaba alhali ba a yarda da ma'aunin zaɓe ba, shi ya sa zaman ya cije.

Ku fara da tantance abin da yake naku. Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba ƙaramar hukuma kula da tasoshin mota da kasuwanni, da gina tituna da magudanan ruwa da fitilun kan hanya gwargwadon yadda majalisar dokokin jiha ta tsara, da ba da lasisin keke da amalanke da baro da kwale-kwale. Manyan hanyoyi irin wadda ta taso daga Sakkwato ta bi Jega da Koko zuwa Yawuri na gwamnatin tarayya ne, hukumar gyaran hanyoyin tarayya, FERMA, ke faci a kansu. Wasu na jiha ne. Zirga-zirgar jirage a kan kogin Neja kuwa hukumar kula da hanyoyin ruwa ta tarayya, NIWA, ce ke da ta cewa. Don haka a takardarku ku ware abin da za ku yi da kuɗinku daban, abin da za ku je roƙo a Birnin Kebbi ko Abuja daban. In aka cakuɗa su, jama'a za su riƙe ku da alkawarin da ba ku da ikon cikawa.

Daga nan sai a fita daji. Injiniyan sashen ayyuka ya hau babur da wayar da ke nuna taswira, ya bi kowace hanya, yana tsayawa duk rabin kilomita yana rubuta faɗinta, irin ƙasarta (yashi ce, laka ce ko marmara), da halin da kowane kwalbati yake ciki. A yi wannan zagaye a watan Agusta ko Satumba, lokacin da ruwa ya tona asirin hanya. Wanda ya duba hanyar fadama a watan Maris bai ga komai ba. A kowane wurin da ke yankewa a tambayi tsofaffin garin iyakar inda ruwa ya kai a ambaliyar 2020, a shafa fenti a jikin itace ko bango. Da wannan alama za a auna tsayin cikon ƙasa da girman kwalbati.

Sai ƙirga masu wucewa. Mutum biyu a mahaɗa, daga ƙarfe 6 na safe zuwa 6 na yamma, kwana bakwai a jere don ranar kasuwa ta shigo ciki. A ƙirga komai: mai ƙafa, jaki, amalanken shanu, kabu-kabu, a-kori-kura, tirela. A yi sau biyu, da damina da kuma lokacin kwasar shinkafa ko albasa. Tirela a rubuta ta daban, saboda ɓarnar hanya ba da yawan mota take tafiya ba, da nauyin da ke kan tayoyin mota take tafiya: in nauyin ya ninka biyu, ɓarnar takan ninka kusan sau 16. Hanyar da ba ta kai mota 200 a rana ba, marmara mai kyau da magudana sun ishe ta. Kwalta a irin wannan wuri ado ne mai tsada.

Yanzu ma'auni, kuma a nan ne tuntuɓar jama'a ta farko take shigowa. Kada ku tambayi taro "wace hanya kuke so", don kowa ƙofar gidansa zai nuna. Ku tambaye su me ya kamata ya sa wata hanya ta riga wata. Galibi abubuwa huɗu ko biyar ake tsayawa a kai: yawan mutanen da ke zaune cikin kilomita 2 daga hanyar, makonni nawa take yankewa a shekara, ko tana kai wa ga asibiti ko makarantar sakandare ko kasuwa, yawan amfanin gonar da ake fitarwa ta nan, da kuɗin da za a kashe a kan kowane mutum da zai amfana. A ba kowanne maki, jimla 100, a rubuta, uwayen ƙasa da kansiloli su sa hannu tun kafin a san hanyar wa za ta ci. Bayan nan sai a ɗauko jerin nan na aljihun tebur a auna. Wanda hanyarsa ta faɗi zai yi gunaguni, amma da ma'aunin da ya sa wa hannu zai yi faɗa, ba da kai ba.

Taron sakatariya kaɗai ba ya wadatarwa. Masu zuwa can su ne masu babbar riga, kuma ba su ne ke tura babur a cikin taɓo ba. A je tasha a zauna da direbobi da 'yan kamasho, a je inuwar 'yan kabu-kabu, a je bakin ruwa wurin sarkin ruwa da masu fito. Mata a yi musu nasu zaman, mace ta jagoranta, ungozoma da ma'aikaciyar asibiti suna wurin, don su suka san ƙauyen da mai naƙuda ke kwana a hanya. A kira arɗo ya nuna inda burtali ya ratsa, in ba haka ba garke zai tattake gefen sabuwar hanya cikin damina guda. A guji ranar kasuwa da tsakiyar girbi. Sanarwa ta bi ta masallacin Juma'a da coci da mai shela, mako biyu kafin ranar. Duk abin da aka faɗa a rubuta a rajista, da amsar kwamiti a gefensa: an karɓa, ko ba a karɓa ba saboda kaza. A zagaye na biyu, idan an kawo daftari, wannan rajista ake fara karantawa.

Da ka zo kan aikin kansa, ruwa ne abokin gabarka. Hanyar marmara mai faɗin mita 6 tana son doro, tsakiyarta ta ɗara gefenta da kamar santimita 15, don ruwa ya gangare. Gireda na yawan shafe wannan doro in direban bai ƙware ba, sai ruwa ya kwanta, rami ya buɗe. Kaurin marmarar santimita 15 bayan an danne, wato kubik mita 900 a kilomita guda, sahun tifa sama da ɗari. Saboda haka a binciki inda za a haƙo marmara tun farko, don nisan jigila ne ke cinye kuɗin. Kwalbatin zobe a sa mai faɗin santimita 90. Na 60 ya fi araha, amma in yashi ya toshe shi ba mai iya shiga ya yashe. A rufe shi da ƙasa kusan santimita 70, a yi masa bango baki da baki, a daɓe inda ruwa ke faɗowa da dutse da siminti, in ba haka ba ruwa zai ci ƙarƙashinsa ya zauna. Rafin da ke cika na 'yan sa'o'i ya janye, ba sai an yi masa gada ba, daɓen kankare da ruwa ke bi ta kansa ya wadatar. Sau da yawa gyaran wurare uku ko huɗu da ke yankewa ya fi buɗe sabuwar hanya amfani, sai dai ba shi da daɗin yanka ƙyalle.

Marmara tana zaizayewa santimita 1 zuwa 2 duk shekara, don haka bayan shekara huɗu ko biyar sai an sake zubawa. Kuɗin wannan da na yashe magudana su ne layi na farko a kasafin, kafin kowane sabon aiki. Dabara mai sauƙi ita ce a ɗauki mutumin ƙauyen da ke kan hanyar, a ba shi kilomita ɗaya da rabi zuwa biyu, da shebur da diga da baro, a biya shi duk wata bayan an duba aikinsa.

Tunda kuna bakin kogi, kada tsarin ya tsaya a tudu. Hatsarin jirgin ruwa na yankin Wara a watan Mayun 2021 ya ci rayuka da yawa, kuma musabbabin irin waɗannan hatsarurruka sanannu ne: lodi fiye da kima, tsohon jirgi, kututturen da ke ƙarƙashin ruwa, da tafiyar dare. Da ikon lasisin da kuke da shi, ku haɗa kai da NIWA a zana layin lodi da fenti a jikin kowane jirgi, a ajiye littafin sunayen fasinja da rigunan ceto a kowace tashar fito, a kuma daɓe gangaren da ake sauke kaya.

Batun tasha a taƙaice: kada a ɗauke ta nesa da kasuwa don an samu fili mai arha. Direba inda fasinja yake zai tsaya, sabuwar tashar ta zama wurin shanyar tattasai.

Game da kuɗi, hukuncin Kotun Ƙoli na Yulin 2024 ya ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, amma ku yi lissafi da abin da ya shigo asusunku a zahiri cikin shekara uku da suka wuce. Kebbi tana cikin shirin RAAMP na hanyoyin karkara da Bankin Duniya ke tallafa wa, kuma mai ƙidaya da taswira a hannu ya fi saurin samun shiga. A ware kuɗin diyyar shuka da gine-gine kamar yadda Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta tanada.

Wa'adinku ba zai kai shekara goma ba, don haka a raba tsarin kashi uku: shekara uku ta farko da sunayen ayyuka da kuɗinsu, sauran biyun da jerin fifiko kawai. Majalisar kansiloli ta amince da shi a zamanta, a aika kwafi ma'aikatar ayyuka da ta ƙananan hukumomi, a bar wani a fadar kowane uban ƙasa. Duk watan Oktoba, da ɗaukewar ruwa, injiniya ya sake hawa babur ya zaga, a gyara makin kowace hanya kafin a rubuta kasafin shekara mai zuwa.