Ga 'yar'uwar da ke tambaya kan aikin idon sawu

Wallahi 'yar'uwa, da na karanta tambayarki sai da na ajiye wayar na share hawaye. Kin ce shekara 9 ke nan da karayarki a idon sawu, yanzu likita ya ce guringuntsin ya cinye, ƙashi yana gogar ƙashi, yana so ya haɗe gaɓar da kusoshi, ke kuma tsoro ya hana ki amsawa. Ni ma ta nan na biyo.

Tawa karayar a Kawo, Kaduna, ta same ni, acaɓa ne ya zubar da ni. Maimakon asibiti sai aka kwashe ni zuwa gidan wani mai ɗori. Har yau in na tuna mutumin nan sai zuciyata ta yi ta tafasa. Mutum uku suka danne ni, ya finciki ƙafar har na suma. Ya ɗaure ta tamau da karare da tsumma, kwana biyu yatsun suka fara baƙi. Na ce masa ba na jin ƙafar, ya ce rakin mata ne. Yayana ya roƙe shi a ɗauko hoton ƙashi, ya ce shi ɗori gadon gidansu ne, in za a je asibiti to ya cire hannunsa. Kuɗinsa kuwa ya karɓe cas. Ƙashin ya haɗe a karkace. Ban ce duk masu ɗori haka suke ba, amma karayar da ta ratsa cikin gaɓa, in ba ta koma daidai ba, a hankali take cinye guringuntsi, kamar takalmin da ake takawa ta gefe guda.

Shekara bakwai ina shan maganin ciwo diclofenac daga kemis kamar gyaɗa, har ulsa ta kwantar da ni. Don Allah in kina sha kullum ki gaya wa likitanki, yana taɓa ciki, yana taɓa ƙoda. Akwai wata asuba a lokacin sanyi da na rarrafa zuwa wurin alwala, 'yata ƙarama tana kallo tana kuka. Ranar na ce a yi min aikin.

Alhamdulillahi ciwon da ke hana ni barci ya tafi. Amma kada kowa ya ruɗe ki, gaɓar da aka haɗe ba ta ƙara lanƙwasuwa. Ni tela ce, keken ɗinki na ƙafa ya gagare ni, sai da na sa masa mota. Tsuguno a banɗaki wahala ne, zaman tahiya kuma sai na miƙe ƙafar, wani lokaci a kujera nake salla. Ki tambayi likitan wace gaɓa ce takamaimai zai haɗe, don ba duka ne motsinsu ɗaya ba, kuma gaɓoɓin da ke maƙwabtaka da ita su za su ɗauki nauyin daga baya.

Kin gwada takalmin da ke riƙe idon sawu? Ni allurar cikin gaɓa ta ba ni sauƙi na 'yan watanni, sai ciwon ya dawo. Ki nemi likitan ƙashi na biyu ya duba ki, ko a asibitin Barau Dikko a Kaduna, ko na Shika a Zariya, ko Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, kuma a ɗauki hoton kina tsaye a kan ƙafar. In kina da ciwon suga a daidaita shi tukuna, don yana hana rauni warkewa.

Sannan ki shirya gida. Mako 6 zuwa 12 ba taka ƙafar, ni sai da na kusa cika wata uku. Wa zai dafa, wa zai kai yara makaranta? Dangin mijina da suka fi kowa cewa kada in yarda a yanka ni, ko sau ɗaya ba su ɗebo min ruwa ba. Ƙanwata ce ta baro Zariya ta zo ta zauna da ni, Allah ya saka mata da aljanna.

Sandunana biyu suna nan a bayan ƙofa. In kin yanke shawarar yi, ki yi min magana in aiko miki da su. Allah ya ba ki lafiya.