Ma'aunin Tankin Ban Ɗakin Motata Ya Ƙi Sauka

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Daga Gombe nake. Na sayi mota mai ɗaki da ban ɗaki a ciki, 'yar Kwatano, domin kai iyali Yankari. Ko na zubar da tankin bahaya, ma'auni yana nuna a cike yake, kuma ina tsoron ya yi mana ambaliya a hanya. An ce in zuba ruwan batir da Hypo. Mene ne gaskiya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Ka kwantar da hankalinka, da wuya a ce ma'aunin ne ya lalace. Ƙusoshin ƙarfen da ke jikin tankin su ne ke sanar da shi inda ruwa ya kai, to idan tishu ko dauɗa mai damshi ta manne tsakaninsu, lantarki zai ratsa ta, allo ya nuna cika. Irin waɗannan motoci sukan iso da tsohuwar dauɗar masu su na farko.

Amma wanda ya ba ka shawarar ruwan batir ya cuce ka, kuma na gaji da jin wannan magana a bakin masu gyaran ganganci. Ruwan batir asid ne, yana cin ƙusoshin da kake son gyarawa, yana kuma lalata zoben robar bawul, wato makullin da ake buɗewa a zubar da tankin, har tanki ya fara ɗiga a kan titi. Na ga zoben da aka yi wa haka, ya tsattsage kamar tsohon silifa. Mafi muni, idan asid ya haɗu da Hypo, iskar kilorin ke tashi, mai ƙona ido da huhu, a cikin ɗan ɗakin da yaranka ke kwana. Kananzir ma haka yake kumbura roba. Don Allah kada ka gwada.

Ka rufe bawul, ka cika tankin da ruwa ya wuce rabi, ka zuba sabulun wanke-wanke na ruwa, ka bar shi ya kwana. Washegari ka tuƙa motar domin ruwan ya riƙa dukan bangon, sannan ka zubar a masai, ka ɗauraye da tiyo ta bakin ban ɗakin har ruwa ya fito garau. Wani lokaci sai an maimaita sau 2 ko 3. Kada ka bar bawul a buɗe in kun yada zango, domin ruwa zai tsiyaye, zafin Gombe ya busar da sauran ya zama tudu. Idan bayan wannan bai sauka ba, ka kai wa mai rewaya ya duba wayoyin, musamman wayar 'earth'.