Kada ka ƙara ko kwabo a makarantar Turancin nan sai ka ga rajistar ɗalibai

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne, ina sayar da atamfa da shadda a Kantin Kwari. Wata takwas da suka wuce ɗan yayata, wanda ya yi digiri a fannin Turanci, ya kawo mini shawarar mu buɗe makarantar koya wa manya jin Turanci da gyaran lafazi, musamman 'yan kasuwa masu zuwa Legas da Dubai da China. Ya ce cikin wata shida kuɗina za su dawo. Na zuba naira miliyan 4 har da kuɗin hayar shekara. Muna karɓar 15,000 a wata. Da farko kusan mutum 60 suka shiga. Yanzu in na tambaye shi sai ya ce ana lallaɓawa, kuma har yau ban karɓi ko sisi ba. Ya ce rashin kayan aiki ne matsalar, in ƙara miliyan 2 a sayi kwamfutoci da na'urorin sawa a kunne, a yi ɗakin sauraro irin na ƙasar waje. In ƙara ko in haƙura?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Kada ka ƙara. A wasiƙarka ka faɗi abin da ka zuba, ka faɗi kuɗin wata, ka faɗi yawan waɗanda suka shiga da farko. Mutum nawa ne suka biya kuɗin watan jiya? Ba ka faɗa ba, saboda ba ka sani ba. Nan kuskurenka yake. A shagonka na Kwari ba za ka yarda yaro ya ce maka ana lallaɓawa ka juya ka tafi ba, sai ya ƙirga maka turmi nawa ya fita, nawa ya rage, wa ya ɗauka bashi. Amma ka zuba miliyan 4 a wata sana'a, ka bar mutum ɗaya yana koyarwa, yana karɓar kuɗi, yana kashewa, kuma shi ne mai ba ka labarin yadda ake ciki.

Ban ce yaron nan yana cin kuɗinka ba. Mai yiwuwa shi ma bai san lissafin ba, kuma wannan ya fi damuna. Wanda ya iya Turanci daban, wanda ya iya riƙe kasuwanci daban. Alkawarin wata shida kuwa, tun ranar da ka ji shi ya kamata ka nemi a rubuta maka yadda za a yi hakan a takarda. Makaranta ba kwangila ba ce da ake cin ribarta lokaci guda.

Bari mu yi lissafi a ƙiyasce. A ce haya tana cin 100,000 a wata, malamai biyu 160,000, man janareta da wuta da data da sauran tarkace 90,000. Wajen 350,000 ke nan. A kan 15,000, sai mutum 24 sun biya kowane wata kafin a ce ba riba ba faɗuwa. Idan ɗaliban sun dawo 15, kana asarar sama da 100,000 duk wata, kuma ba za ka ji a jikinka ba saboda ka riga ka biya haya gaba. Sai nan da wata huɗu, ranar da mai gida ya aiko, za ka ga ramin.

Irin wannan sana'a ba a gane lafiyarta da cikar aji a watan farko. Kowa yana son ya iya Turanci, talla ɗaya a rediyo ko a Facebook ta isa ta cika maka ɗaki. Abin dubawa shi ne mutum nawa suka dawo da kuɗinsu a wata na biyu da na uku. Rajista kaɗai ke nuna wannan: suna, sana'a, lambar waya, ranar shiga, ranar da ya biya, ranakun da ya zo, ranar da aka daina ganinsa.

Na san wani bawan Allah a Zariya da ya bi hanyar da ake so ka bi. Ɗalibai suka ragu, aka ce masa kayan aiki ne, ya sayi kwamfutoci ya jera, ya sa labule da na'urar sanyaya ɗaki. Ba wanda ya dawo. Sai da muka zauna muka tattaro lambobin waɗanda suka bari daga tsofaffin rasit, aka bi su ɗaya bayan ɗaya a waya. Amsar mafi yawansu iri ɗaya ce: ana darasi da ƙarfe huɗu na yamma, lokacin da kasuwa ke ci, kuma in sun zo nahawu ake rubuta musu a allo kamar 'yan aji ɗaya na sakandare. Magidanci mai 'ya'ya shida ba zai rufe shago don wannan ba, kuma ba zai ce maka ya ji kunya a aji ba, ƙafa kawai zai ɗauke. An sayar da kwamfutocin nan ƙasa da rabin kuɗinsu.

Ina kyautata zaton in ka bi naka ɗaliban, kusan haka za ka ji. Ɗan kasuwa bai zo don ya ci jarrabawa ba. Ya zo ne don in dila ya bugo waya ko ya turo saƙon murya ya gane abin da aka ce, shi ma in ya yi magana a gane shi. Matsalolin bakin Bahaushe sanannu ne, kuma ba su da yawa. Hausa ba ta bambanta p da f, ga v da ke komawa b, ga wasalin da muke cusawa tsakanin baƙaƙe biyu in sun haɗu. Wanda ya fi cin kuɗi shi ne lambobi. Bambancin fifteen da fifty, ko thirteen da thirty, yana ga gaɓar da aka ƙarfafa da kuma ƙarshen kalmar, kuma a waya mai ƙara abu ne mai sauƙi kunne ya zame. Na ga cinikin da ya kai ga rigima a kan wannan kaɗai. Malamin da zai kwashe mako biyu yana horar da ɗalibai a kan farashi da adadi da ranakun lodi da sunayen launi, yana sa su maimaita abin da suka ji sannan su tabbatar a rubuce, ya ba su abin da za su yi amfani da shi gobe a kasuwa.

Ga wani abin da ɗakin sauraron ba zai gyara ba. Turancin da ɗalibanka za su ji a Guangzhou ta China na bakin Basine ne, na Deira a Dubai galibi na mutanen Indiya da Pakistan ne, na Balogun da Alaba kuma na Legas ne gauraye da buroka. Sa su sauraren mutumin Landan ta kwamfuta ba zai shirya musu kunne don waɗannan ba. Abin da ake buƙata yana aljihunsu. Kowannensu yana da waya, darussan BBC Learning English kyauta ne, YouTube tana bari a rage saurin magana, kuma kowace waya tana naɗar murya. Ɗalibi ya saurari jimla, ya bi ta da baki, ya naɗi kansa, ya tura wa malami ta WhatsApp a gyara masa. Lasifika mai kyau guda ɗaya a aji ta wadatar.

Wataƙila yaron ya kawo maka zancen masu shirin IELTS, jarrabawar gwada iya Turanci ta masu neman karatu ko aiki a ƙasar waje. Kasuwa ce ta gaske, ma'aikatan jinya masu neman aiki a Birtaniya ana neman su da maki 7 a sauraro da magana, kuma a ɓangaren sauraro tambaya 40 ce, sau ɗaya ake kunna muryar. Amma waɗannan mutane ne daban, da farashi daban, da malami wanda ya san jarrabawar. Kada a haɗa su aji ɗaya da 'yan Kwari, kada kuma a taɓa wannan sai an gyara na hannu.

Ka kira yaron gida, ba a gaban mahaifiyarsa ba, ka ce masa kana son makarantar ta ɗore, don haka ga sharaɗi. Ya kawo sunayen duk wanda ya taɓa shiga cikin mako ɗaya. Daga yau ba ya karɓar kuɗi a hannu, a buɗe asusun banki da sunan makarantar, saƙon shigar kuɗi ya riƙa zuwa wayarka. A yanka masa albashi sananne, domin wanda ba shi da albashi daga aljihun makaranta zai ci, ko da da zuciya ɗaya. Waɗanda suka bari kuwa, kai da kanka za ka kira ashirin daga cikinsu. Abokan kasuwarka ne, za su faɗa maka abin da ba za su faɗa wa yaro ba.

Daga abin da suka ce za a gyara lokaci da darasi. A gwada bayan sallar isha'i ko safiya kafin a buɗe kasuwa, a kuma sa a lissafi cewa azumi da kakar sallah za su kwashe maka 'yan kasuwa. A naɗi muryar kowane sabon ɗalibi ranar farko, a sake naɗa bayan mako shida a kunna masa duka biyun. Wanda ya ji canji da kunnensa shi ne zai sake biya, ya kuma kawo maƙwabcin shagonsa.

Ka ba wannan tsari wata biyu. Idan cikin kowane mutum goma, shida suka sabunta kuɗinsu, kuma masu biya suka haura 24, ka sabunta hayar. Idan ba a kai haka ba, ko aka fara yi maka kwana-kwana a kan rajistar, ka sanar da mai gida da wuri cewa ba za ka ci gaba ba, ka sayar da kujeru da allo, miliyan 2 ɗin nan kuma ka saro shaddar sallah da su.