Awo ya ce kunnensa lafiya lau, amma ba ya kama magana

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ɗana Abba shekararsa tara, yana aji huɗu a firamare. Tun yana ƙarami in an yi masa magana sai ya ce "na'am?" sau biyu sau uku. In na aike shi abu uku ɗaya yake kawowa, wani lokacin ma ba abin da na ce ba, na ce tabarma ya kawo tabarau. Abin mamaki ko leda aka taɓa a ɗaki yana ji, kuma shi ke fara jin mashin ɗin babansa tun daga bakin layi. Malaminsu na Islamiyya ya ce kunnen ƙashi ne, ya sha bulala a kan haka. Mun kai shi asibiti an yi awon ji, aka ce kunnensa lafiya lau. Kakarsa ta ce iska ce. In aka tayar da injin markaɗe kuwa sai ya toshe kunne yana kuka. Mece ce matsalarsa? Akwai magani? Ko in saya masa na'urar ƙara ji? Daga Maman Abba, Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Maman Abba. Allah ya raya mana shi, ya yi masa albarka.

Kafin komai, a dakatar da bulalar nan tun daga yau. Yaron da yake cewa "na'am?" sau uku yana ƙoƙarin ya ji ne, mai kunnen ƙashi ba ya neman a maimaita masa. Mari a kunne kuwa yana iya fasa dodon kunne, a wayi gari an ƙara masa wata lalurar da da ba shi da ita.

Ba zan yanke hukunci a kan yaron da ban gani ba. Amma abin da kika zayyana ya yi kama ƙwarai da matsalar tantance sauti a ƙwaƙwalwa, wadda za ki ga ana rubuta ta APD a takardun asibiti. Kuma sakamakon da aka ba ku bai kore ta ba, domin ba ita aka auna ba. Ki tuna yadda aka yi awon: ɗaki tsit, an sa masa abin sauraro a kunne, ana sako siririn sauti ɗaya bayan ɗaya, shi kuma yana ɗaga hannu in ya ji. Tambaya ɗaya tak wannan awo yake amsawa, wato sauti ya shiga ko bai shiga ba. A nan Abba zai ci jarrabawa, ai ke ma kin ce yana jin motsin leda.

Aikin kunne shi ne ya karɓi sauti. Sautin ya kaɗa dodon kunne, wasu ƙananan ƙasusuwa uku su miƙa shi can ciki, inda dubban ƙwayoyi masu gashi-gashi suke mayar da shi saƙon da jijiya za ta ɗauka. Daga nan sauran aikin na ƙwaƙwalwa ne, kuma aiki ne babba. Ita ke gwada abin da kunnen dama ya kawo da abin da na hagu ya kawo, ta gane ta ina magana ta fito, alhali tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba. Ita ke tsamo muryarki daga cikin ƙarar fanka da rediyo da kukan ƙaninsa. Ita ke bambance "bakwai" da "takwas" in an faɗa da sauri, ta jera kalmomi yadda suka zo, ta riƙe na farko har na ƙarshe ya iso. In wannan aiki yana tangarɗa, abin da yaro yake ji ya yi kama da wayar da netuwok ke tsinkewa: muryar tana nan da ƙarfinta, kin san wa ke magana, amma kalmomi suna zubewa a hanya, sai kin cike gurbin da ƙiyasi. "Taba…" ya ji, ya ƙiyasta sauran, ya kawo tabarau. Yaron da ya wuni yana wannan ƙiyasi tun daga boko har Islamiyya, da yamma za ki same shi a gajiye liƙis, ga saurin fushi, ko ya koma gefe ya yi shiru. Mutane su ce miskili ne.

Likitoci sun daɗe da sanin wannan. A 1954 Ettore Bocca da abokan aikinsa a Italiya sun lura cewa masu ƙari a gefen ƙwaƙwalwa suna cin awon ji na yau da kullum, amma da zarar an dusashe magana kaɗan sai su kasa gane ta. A shekarar ce kuma Helmer Myklebust a Amurka ya ja hankali a kan yaran da kunnensu ke ji amma magana ba ta zauna musu. A 1961 Doreen Kimura a Kanada ta nuna cewa in aka saka wa mutum lambobi daban-daban a kunnuwa biyu lokaci guda, yawancin mutane sun fi kama na dama, kuma har gobe ana amfani da irin wannan gwaji. Ƙiyasin da aka fi ambata shi ne yara biyu zuwa uku cikin ɗari, maza sun fi yawa. Sai dai masana ba su gama daidaita baki ba. Wasu na ganinta a matsayin lalura mai zaman kanta, wasu na cewa ta cakuɗe da matsalar harshe da ta tara hankali har ba a iya raba su. Ni a ganina wannan muhawara tasu ce, bai kamata ta hana a taimaki yaro ba.

Akwai abubuwan da suke kama da ita, kuma dole a fara kawar da su. Na farko ruwa da ke taruwa a bayan dodon kunne bayan mura. Ba ya ciwo, ba ya zubowa, yana zuwa yana tafiya, don haka yaro zai iya cin awo a wannan watan ya faɗi a wata mai zuwa. Akwai ɗan gwaji na minti kaɗan da ke auna motsin dodon kunne, ki tambaya ko an yi masa. Na biyu, ki duba takardar ki tabbata an auna kowane kunne daban, domin mai ji da kunne ɗaya shi ma yana shan wahala cikin hayaniya. Na uku, wanda na fi so ki kula da shi: shin Abba ya yi shawara mai tsanani yana jariri, ko an haife shi bakwaini har aka sa shi a kwalba? Irin wannan tana iya taɓa jijiyar ji, sauti ya riƙa isa ƙwaƙwalwa a hargitse. Ana gano ta ne da gwajin da ake manna wa yaro wayoyi a goshi da bayan kunne a ga yadda jijiyar take amsawa. Ki kuma gaya wa likita in ya taɓa yin sanƙarau, ko zazzaɓin cizon sauro da ya kai ga suma, ko buguwa a ka, ko yana da sikila. Gubar dalma ma tana taɓa wannan aiki na ƙwaƙwalwa, kuma mun ga ɓarnar da ta yi wa yara a ƙauyukan haƙar zinare na Zamfara a 2010.

Sannan akwai yaron da hankalinsa ba ya tsayawa wuri ɗaya, da mai wahalar karatu, da wanda harshen ma bai zauna masa ba. Ga wata 'yar alama da za ki lura da ita a gida. In kun zauna ku biyu a wuri shiru, kina fuskantarsa, kina magana a natse, yana ganewa? In yana ganewa sarai amma ya rikice da zarar an kunna talabijin, wannan ya fi karkata ga matsalar sauti. In ko a shirun ma hankalinsa na tashi, wajen wasa da cin abinci duk haka yake, to a duba ɓangaren tara hankali. Yaro ɗaya kuma yana iya haɗa biyu ko uku. A haɗa da awon ido, domin mai wannan lalura da ido yake cike abin da kunne ya zubar.

Kuna kusa da inda za a duba shi. Akwai sashen kunne, hanci da maƙogwaro a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ga kuma Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna. Ki ce kina so a gwada yadda yake gane magana cikin hayaniya, ba jin sauti kaɗai ba. Ba a cika yin wannan gwaji kafin shekara bakwai ba, don haka shekarunsa sun kai. Amma ki sani masu yin cikakken awon kaɗan ne a ƙasar nan, kuma yawancin gwaje-gwajen da Turanci aka tsara su. Ɗan Bahaushen da Turancinsa na aji huɗu ne zai iya faɗuwa saboda harshe kawai. Akwai waɗanda ba su buƙatar kalma, kamar a sako sautuka uku ya faɗi wanne ne sama wanne ne ƙasa, ko ya gane ɗan gajeren shiru a tsakiyar ƙara. Ko da ba a samu an rubuta masa sunan lalurar a takarda ba, abin da zan faɗa yanzu ba ya jiran takarda, kuma ba ya cutar da kowane yaro.

Babu ƙwaya ko allurar da ke maganinta. Abin da ya fi aiki shi ne a gyara yadda magana take isa gare shi. Ki daina aikensa daga madafi yana tsakar gida. Ki kira sunansa, ki bari ya juyo ya kalle ki, sannan ki yi magana. Kada ki ɗaga murya, tsawa ƙara dagula kalma take yi. Ki rage sauri kaɗan, saƙo ɗaya ko biyu, sannan ki ce, "Me na aike ka?" Kada ki ce "Ka ji?" domin "e" zai ce don kunya. In bai kama ba, ki sauya kalmomin maimakon ki nanata waɗanda suka riga suka suɓuce masa. Aiken kanti kuwa a rubuta masa a takarda. Nisa yana da tasiri fiye da yadda ake zato: duk lokacin da tazara ta ninka, ƙarfin murya yana raguwa da kusan desibel 6 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti), hayaniyar ɗaki kuwa tana nan yadda take. Shi ya sa bencin gaba, nesa da taga da ƙofa da janareta, ya fi masa alheri fiye da darasin ƙarin lokaci. A roƙi malamin boko ya riƙa rubuta aikin gida a allo, kada ya yi bayani ya ba aji baya, kuma a haɗa Abba da wani aboki da zai riƙa duba littafinsa.

Islamiyya ce ta fi damuna. Ɗaki guda, rufin kwano, yara da yawa kowa na ɗaga murya da nasa karatun. Babu wurin da ya fi wannan wuya ga mai irin lalurar nan, kuma a nan ne ake bukatar ya bambance haruffan da suke kusa da juna a furuci. Ina ba da shawara babansa ya je da kansa ya sami malam cikin girmamawa, ba da sigar ƙorafi ba, ya ce, "Malam, likita ya ce yaron nan yana da lalurar ji a cikin hayaniya, muna roƙon a zaunar da shi kusa da kai, a biya masa shi kaɗai." Yawancin malamai in sun san lalura ce suna sassautawa. A gida kuma a biya masa bayan sallar asuba, lokacin da unguwa ba ta tashi ba, yana kallon bakin mai biyawa, yatsansa a kan rubutu. In an ɗauki karatun a waya ya riƙa saurara a nasa lokacin, ya fi.

Na'urar ƙara ji ta kasuwa kada ki saya. Komai take ƙarawa, da magana da hayaniyar, kuma tana iya lahanta kunnen da yake lafiya. Wadda bincike ya fi nuna amfaninta ita ce ƙaramin makirufo da malami ke maƙalawa a wuyan riga, muryarsa ta tafi kai tsaye zuwa kunnen yaro ba tare da waya ba. Tana da tsada, kuma masanin ji ne ya kamata ya zaɓa ya saita. Manhajojin horar da kunne da ake tallatawa a intanet kuwa sakamakonsu gauraye ne, kada ki zuba musu kuɗin da ba ki da shi. Karanta masa labari da baki, tatsuniya, kacici-kacici da karin magana suna ƙara masa kalmomi, kuma yawan kalmomin da ya sani shi ke sa ƙiyasinsa ya riƙa faɗawa daidai.

Kukan da yake yi saboda injin markaɗe ba shagwaɓa ba ce. Wasu yaran sautin da mu muke jurewa zafi yake yi musu, kuma ana yawan ganin haka tare da wannan lalura, da kuma a yara masu otizim, wato lalurar da ke shafar yadda yaro yake mu'amala da mutane. A gaya masa kafin a tayar da injin, a bar shi ya matsa. In za a je biki ko wurin da ake sa lasifika, ya toshe kunne ba laifi. Amma kada ya wuni da auduga a kunne, domin hakan yana ƙara wa kunne rashin juriya.

Ita kuma Hajiya kaka, ƙauna ce ta sa ta neman dalili. Ta ci gaba da yi masa addu'a, muna so. Abin da za a roƙe ta shi ne kada a ɗiga masa komai a kunne, ko mai ko ruwan ganye, kuma kada a riƙa faɗa a gabansa cewa yana da iska. Shi ma a zaunar da shi a gaya masa gaskiya daidai hankalinsa: kunnenka lafiya, kanka lafiya, hayaniya ce take ba ka wahala fiye da sauran yara. A koya masa ya ce, "Malam, don Allah a maimaita a hankali," ba tare da jin kunya ba. Hanyoyin ji a ƙwaƙwalwa suna ci gaba da nuna har wajen shekara goma sha biyu da ɗoriya, don haka da yawa suna samun sauƙi. Wasu kuma suna girma da ita, su yi karatu su yi sana'a, sai dai za ki ga sun fi son saƙon rubutu a kan kiran waya, kuma a taro suna neman kujerar gaba.

Abu ɗaya ne ba ya jira. In kin ga yana ja baya, maganar da yake ganewa da ta fara ɓace masa, ko yana ƙamewa ya zuba ido na 'yan daƙiƙoƙi ba ya amsawa ko an taɓa shi, ko ya yi jijjiga, ko tafiyarsa da ganinsa sun sauya, ku kai shi wurin likitan ƙwaƙwalwa na yara a makon nan, domin akwai nau'in farfaɗiya da ke fara bayyana ta haka, kuma ita tana da magani.